Kafin a ce aljanu ne, a zazzage ledar magani

Wani daren Alhamis cikin watan Maris, lokacin da zafin Kumasi kan hana mutum barci ko da fanka na juyawa, aka buga mini waya daga gidanmu na Aboabo cewa in zo maza, Gwaggo ta rikice. Na tarar da ita zaune kan tabarma a tsakar gida, tana tsintar wani abu daga zaninta da yatsu biyu tana jefarwa gefe, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Babu komai a kan zanin. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan ta juya ta ce wa bango: "Alhaji, ka kore mini yaran nan daga kan gado mana." Alhajin da take kira mijinta ne, kuma ya shekara tara a ƙasa.

Leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, harshe na manne mata in za ta yi magana. Na kama hannunta na ji zafi rau, amma ko ɗigon gumi babu a jikinta, alhali mu da ke tsaye rigunanmu sun jiƙe sharkaf. Wai tun azahar ba a ga ta zaga ba, ga mara ta kumbura.

Kafin in iso gida ya riga ya yanke hukunci. Mma ta ce iska ce, don an ga Gwaggo ta zubar da ruwan zafi a bakin kwata da magariba ba ta yi bisimilla ba. Wata daga cikin matan gidan ta ce jifa ne, har ta fara lissafa waɗanda Gwaggo ta yi cacar baki da su a wajen suna makon da ya wuce. An aika yaro ya kira malam, an zuba garwashi a kasko za a yi hayaƙi. Ana cikin haka 'yar yayata, wadda ke shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, don kada manya su ce ta yi rashin kunya: "Kawu, me Kaka ta sha yau?"

Muka ɗauko baƙar ledar da Gwaggo ke ratayewa a ƙusa bayan ƙofa, muka zazzage ta a faranti. Akwai amitriptyline da likita ya rubuta mata saboda zugin ƙafa na ciwon suga. Akwai Piriton da ta saya da kanta saboda mura. Akwai Phenergan da wata maƙwabciya ta ba ta, wai yana kwantar da tashin zuciya kuma yana sa barci. Ga kuma kwalbar maganin tari da aka sha ta kusa rabi cikin kwana biyu. Yarinyar nan ta jera su, ta karanta sunayen sinadaran da ke jikin kwalin, ta ce, "Kawu, waɗannan duk dangi ɗaya ne. A kai ta asibiti."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. A zangonninmu, da zarar mutum ya fara gane-gane da sambatu, tambayar farko da ke fitowa daga bakinmu ita ce wa ya yi masa. Ni kuwa ina ganin tambayar da ya kamata ta riga kowace fita ita ce me ya sha. Ba tsoho kaɗai ba, har saurayi, har yaron goye da aka ɗura wa maganin mura don ya bar uwa ta runtsa.

Dangin magungunan nan likitoci na kiran su antikolinajik. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari, asitilkolin, wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi. Shi ke cewa yawu ya zubo, gumi ya tsatso, hanji ya motsa, mafitsara ta matse ta fitar da fitsari, baƙin tsakiyar ido ya tsuke in haske ya yi yawa, zuciya ta rage gudu. A cikin ƙwaƙwalwa kuma yana da hannu dumu-dumu wajen tattara hankali da riƙe abin da ya faru. Waɗannan magunguna kan je su toshe ƙofar da saƙon ke shiga. In kaɗan ne, amfani ake nema: hanci ya daina zuba, amai ya tsaya, karkarwa ta lafa. In ya yi yawa, sai duk abin da na lissafa ya juye. Baki ya bushe, fata ta yi zafi ba gumi, ido ya buɗe har mutum ya kasa karanta rubutun da ke gabansa, fitsari ya ƙi fita, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hankali kuma ya watse.

Irin watsewar ce ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ke ruɗin mu. Mai shan wiwi ko giya, komai buguwarsa, yawanci ya san ya sha wani abu. Wanda wannan dangi ya kama bai san yana cikin maye ba. Abin da yake gani ba launuka ba ne ko wasu siffofi na ban mamaki. Abubuwa ne na yau da kullum waɗanda babu su a wurin. Tururuwa a bango, gizo-gizo a kan bargo, baƙo zaune a kujerar da ba kowa, ɗan'uwan da ya rasu tuntuni ya shigo yana tambayar abinci. Zai yi hira da su cikin natsuwa, ya ba su amsa, ya ji haushin ka da ka ce ba ka gan su ba. Zai yi ta tsintar abu a jikin tufa ko a iska. Maganarsa ƙasa-ƙasa, ba kai ba gindi, ya fara zance ya manta inda ya dosa. Bayan ya warware kuma, sau da yawa ba ya tuna komai, ko ya tuna gutsattsari kamar mafarki. To, ka faɗa mini, wace tsohuwa ce a Asawase ko Sabon Zango za ta ga mutum na hira da matattu, ido a buɗe, jiki zafi, washegari ya ce bai san an yi ba, ta ce wannan aikin ƙwaya ne? Ko ni da na yi boko, a daren nan zuciyata ta fi karkata ga maganar Mma.

Kakanninmu sun san wannan maye tun kafin a kawo mana kwalin magani. Zaƙami ke nan. Sunayen da Bahaushe ya ba shi sun isa bayani: haukata-yaro, babba-juji. Yana fitowa a bola da kangon gida da bakin rafi, da farin fure ko mai ruwan shuni dogo kamar kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya cike da ƙananan iri. Gubar da ke cikinsa, atrofin da hayosin da 'yan'uwansu, ita ce uwar wannan dangi gaba ɗaya. Mugun halinsa shi ne ƙarfinsa ba ya da ma'auni: wannan tushe ya fi wancan, na rani daban da na damina, iri ya fi ganye. Wanda ya ce maka ya san daidai gwargwadon da ba ya kisa ƙarya yake yi. A arewacin Najeriya an sha jin labarin samari da suka jiƙa shi a abin sha a wajen biki, aka kwashi mutane zuwa asibiti, wasu ba su dawo ba.

Turawa ma sun ɗanɗana. A 1676 aka tura sojojin Ingila garin Jamestown, ba namu na Accra da ke bakin teku ba, na Bajiniya a Amurka, don su murƙushe wani bore. Wasunsu suka tsinko ganyen wannan tsiro suka dafa suka ci a matsayin ganyen miya. Wani marubucin tarihin yankin, Robert Beverley, ya ba da labarin a 1705: wani na hura gashin tsuntsu sama, wani na zaune tsirara a lungu yana yaƙe haƙora kamar biri, sai da aka tsare su don kada su halaka kansu. Kwana goma sha ɗaya suka yi a haka, da suka dawo hayyacinsu kuma babu wanda ya tuna abin da ya faru. Har yau sunan da Amurkawa ke kiran tsiron da shi daga sunan garin nan ya samo asali. Da a Aboabo abin ya faru, na san irin sunan da za mu ba shi.

Na zamani kuma shi ne Artane, wanda ainihin sunansa benzhexol, 'yan Najeriya kuma suka fi sanin sa da Exol. Magani ne na gaske, mai amfani ƙwarai. An yi shi ne don masu ciwon karkarwa na Parkinson, kuma a asibitocin masu taɓin hankali, irin su Pantang da Ankaful da na Accra da sashen da ke Komfo Anokye a nan Kumasi, ana haɗa shi da magunguna irin haloperidol da Largactil, domin waɗancan kan sa wuya ya sandare, harshe ya karkace, hannu ya yi ta rawa, shi kuma Artane ya sassauta. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai wannan lalura ya san darajar 'yar farar ƙwayar nan. Amma ta fita daga hannun marasa lafiya ta shiga aljihun samari.

Na ga aikinta da idona a wata majalisar samari, irin wadda muke kira bes, inda ake dafa ataya har tsakar dare. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba, direban pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, yana zaune a kan benci ya ɗaga yatsu biyu zuwa baki yana zuƙa, yana fesarwa, yana karkaɗe toka. Babu taba a hannunsa. Can sai ya duba yatsun, ya ga wayam, ya sunkuya yana laluben ƙasa yana neman inda ta faɗi. Abokansa na ta ƙyaƙyata dariya, ɗaya na ɗaukar sa a waya. Na tambayi wanda ke raba shayin, ya ce, "Alhaji, bar shi kawai, ya haɗa ne. Gobe ba zai tuna ba." Makullin pragyar na rataye a wuyansa. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har na isa gida: da safe wata uwa za ta sa 'ya'yanta a bayan wannan yaro ya kai su makaranta, alhali dangin maganin nan kan daɗe a jiki, idon da ya buɗe kuma ba ya komawa daidai cikin dare ɗaya.

Tun 2018, da gwamnatin Ghana ta hana maganin tari mai kodin ta kuma tsaurara dokar Tramadol, duk wa'azinmu da tarukanmu a kan Tramol suke. Daga baya kuma Red, wata ƙwaya mai ƙarfi dangin Tramadol, ta karɓe fagen, kowa Red, rediyo Red, huɗubar Juma'a Red. Ban ce kada a yi ba. Waɗannan na kashe mana yara. Amma yaron da aka toshe wa wata ƙofa wata yake nema, kuma wannan ƙofar a buɗe take, ga araha. Benzhexol ba ya cikin jerin miyagun ƙwayoyin da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 suka ɗaure, don haka idon masu farautar koken da wiwi ba a kansa yake ba. Maganin mura da na ƙaiƙayi kuwa ko takardar likita ba a nema. A Amurka sai da hukumar kula da magunguna ta fitar da gargaɗi a watan Satumba na 2020, saboda matasa na gasar shan irin wannan magani mai suna Benadryl a TikTok don su yi gane-gane, wasu suka ƙare a asibiti, aka kuma samu rahoton mutuwa. Wayar da ke hannun yaran can ita ce a hannun namu.

Wani saurayi ya taɓa ce mini ai wannan magani ne, ba giya ba, ko a asibiti ana bayarwa. Na ce masa hadisin bai ce giya kaɗai ba, cewa ya yi duk abin da ke sa maye haramun ne. Amma gaskiya ban ma yarda a kira wannan maye ba, don maye ko banza mai yin sa na cewa ya ji daɗi. Yawancin waɗanda suka sha zaƙami da yawa, in ka same su bayan sun farfaɗo, tsoro da ƙishirwa da kunya suke ba da labari.

A doka, masu ƙananan shagunan magani da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta ba lasisi an yarje musu sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai. Artane ba ya ciki, amitriptyline ma haka. Duk da haka kowa a unguwa ya san shagon da in ka miƙa kuɗi ta gefe za a naɗo maka a takarda ba tambaya. Mai shagon kuma ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci, ranar sunan ɗansa mun ci tuwonsa. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda muke ɗora komai a kan gwamnati. Jami'in da zai zo daga ofis sau ɗaya a shekara bai san abin da limamin unguwa da sarkin zango da shugaban samari suka sani ba. In waɗannan uku suka taka har shagon suka ce, "Alhaji, mun san abin da ake yi, a bari," ya fi takardar gargaɗi goma. Abin da ba na goyon baya shi ne a ce a hana shigo da maganin kwata-kwata, kamar yadda wasu kan faɗa da zarar rai ya ɓaci. In aka yi haka an bar jaki ana dukan taiki: ɗan ƙwaya zai koma wata ƙwayar, mai jinya kuma a bar shi da sandararren wuya.

Sai dai samarin ba su ne suka fi damuna ba, domin su aƙalla ana ganin su, ana zagin su, wani lokaci har a taimake su. Tsofaffi su ne ba mai lura. Gwaggo ba ta nemi maye ba. Kowace ƙwaya a farantin nan, ita kaɗai, a ƙa'idarta, ba laifi ba ce. Taruwa suka yi. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri kamar na yaro, asitilkolin ɗin da ke ƙwaƙwalwarsa ma ya riga ya ragu, don haka abin da zai sa ɗan shekara talatin gyangyaɗi kawai zai iya sa ɗan saba'in hira da bango. Ga shi kuma yadda muke jinya: wannan asibiti ya rubuta nasa, wancan ya rubuta nasa, ɗa ya aiko da wani daga Jamus, maƙwabciya ta kawo nata na alheri, duk a zuba a leda ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin su a jere sai ranar da abu ya ɓaci. In tsoho namiji ne mai kumburin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, maganin mura kaɗai na iya ɗaure masa fitsari sai an sa roba.

Wani lokacin ma abin ba ya zuwa da hayaniya. Tsohuwa ta riƙa mantuwa, ta sa tukunya a wuta ta bar ta, ta kira jika da sunan uwarsa, mu ce gigin tsufa ne, Allah ya sa mu cika da imani. Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma ƙwayar barcin da take sha kowane dare shekara uku ce. Masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun duba bayanan mutane fiye da dubu 58 masu ciwon mantuwa, suka kwatanta da na wasu da ba su da shi, suka wallafa a 2019 cewa waɗanda suka kai kimanin shekara uku suna shan masu ƙarfin cikin wannan dangi kullum, haɗarin ciwon ya ƙaru musu da kusan kashi 50 cikin ɗari. Su da kansu ba su ce maganin ne ya haddasa ba, alaƙa suka gani. Amma ta ishi mutum ya ɗauki ledar uwarsa ya kai wa likita ya ce a duba masa. Likita, na ce, ba wai mutum ya kwashe ya zubar da kansa ba, don irin su amitriptyline da Artane in aka yanke su farat ɗaya wata wahalar ce.

Na san abin da wasu za su ce: ɗan boko ya zo zai ƙaryata aljanu. Ban ƙaryata ba. Sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, kuma ni ma na tofa wa Gwaggo Falaƙi da Nasi a cikin motar da ta kai mu asibiti. Abin da nake cewa shi ne addu'a ba ta hana tambaya, kuma jinkiri a nan yana kisa. Mutumin da jikinsa ya daina gumi, a zafin Maris, in aka rufe shi a ɗaki aka lulluɓe da bargo aka turara masa hayaƙi, zafin jikinsa hawa zai yi ta yi har ya kai ga jijjiga. In aka danne shi ana dukan aljani ya fita, zuciyar da dama gudu take ita za a ƙarasa. Kuma ko ba magani ba ne, tsohon da ya rikice dare ɗaya yana iya zama sugansa ne ya faɗi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko shanyewar ɓarin jiki ke tafe. Duk hanyarsu ɗaya ce, asibiti. Malamin da aka kira mana a daren nan, Allah ya saka masa, da ya ga farantin cewa ya yi, "Ku tafi da ita, ni zan bi ku da addu'a." Irinsa nake so su yawaita. Da malamanmu masu ruƙiyya za su mayar da "me ya sha?" tambayarsu ta farko kafin su buɗe littafi, da sun ceci rayukan da likita ba zai taɓa gani a kan lokaci ba, domin wurinsu ake fara zuwa.

Akwai wani abu a tarihin maganin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna. Makarin wannan guba, wanda ake kira fisostigmin, daga Afirka ta Yamma ya fito. Wani wake ne da ke fitowa a yankin Kalaba ta Najeriya, wanda mutanen Efik ke ba wanda ake zargi da maita ya sha: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ne ya kama shi. Turawan mishan suka kai shi Sikotilan, masana suka yi ta bincike, a 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa. Aikinsa kishiyar na zaƙami ne, yana sa asitilkolin ya taru. Wato waken da aka yi ta kashe bayin Allah da shi da sunan maita, shi ne ya zama maganin ciwon da mu har yau muke kira maita. Shi ma guba ne mai kisa, sai a asibiti, a hannun likita, kuma sau da yawa ba a ma bukatar sa.

Gwaggo ba a ba ta shi ba. An sa mata robar fitsari, aka yi mata ƙarin ruwa, aka riƙa shafa mata ruwan sanyi, aka dakatar da ƙwayoyin nan, likita ya sauya mata maganin ƙafa. Kwana biyu tana tsintar zani. A na uku da safe ta buɗe ido ta ce wa Mma wa ya kawo ta nan, kuma ina kokonta da ƙosai. Ba ta tuna Alhaji ba, ba ta tuna yaran da ke kan gado ba. Matar da aka fara zargi da jifa kuwa ita ta fi kowa zirga-zirgar kai abinci, ba ta san an taɓa ambaton sunanta ba, mu ma ba wanda ya faɗa mata.

Yanzu duk ƙarshen wata nakan je in sauke ledar daga ƙusa in zazzage a faranti, in ɗauki hoto in tura wa 'yar yayata. Gwaggo ba ta son haka ko kaɗan. Wancan watan na tsinci wasu ƙwayoyi huɗu rawaya a ƙulle a gefen ɗankwali, ba kwali ba suna. Na ce, "Gwaggo, waɗannan fa?" Ta ce wata ƙawarta ce ta ba ta a wajen ta'aziyya, wai suna sa barci mai daɗi, kuma in daina bincike mata kaya kamar ɗan kwastan na Aflawo.